Zauren Bayit Ɗari Biyar da Sha Biyu

Na karanta tarihin dauloli daidai gwargwado, na kuma shekara bakwai ina koyar da fizis a makarantar sakandare, kuma ga abin da na tsinta bayan duk wannan wahala: babu ilimin da ya kai sanin girman zauren da mutum zai gina. In zaure ya yi kaɗan, baƙi su tumbatsa cikin gida su tattake tukwane. In ya yi yawa, masu gida su rasa wurin shimfiɗa tabarma. Sauran abin da masana suka cika kantoci da shi duk sharhi ne a kan wannan. Ina faɗar haka da bakin wanda ya ɗanɗana, domin na kashe shekara uku a ƙasashen mutane, da wani abin da ya fi shekara uku, a kan zaure guda wanda ko da madubin ɗakin gwaji ba za ka gan shi ba.

Sai na fara da mahaifina, in ba haka ba labarin ba zai zauna ba. Malam Ilu shi ke duba kogi a ƙauyenmu, gabas da Haɗejiya. Ba sarauta ba ce, ba kuma wanda ya naɗa shi. Yana da wani turken itacen ƙirya da ya kafa a ƙasan jinga, mai tsaga tara. Kullum da safe in damina ta yi nisa sai ya shiga ruwa ya duba, ya fito ya ce, "Yau ya ci tsaga huɗu." In ya ce bakwai, ba mai tambayar dalili: a yanke shinkafa ko da ɗanya ce, a kwashi buhunan yashi a nufi jinga.

Da idonsa ya fara dushewa bai daina ba. Sai ya riƙa shiga har ƙirji, cikin ciyawar kacala, yana laluben tsagar da yatsa. Wata safiya na tsaya a kan jinga da farar rigata ta zuwa aji, na ce masa akwai na'urar da ke wannan aikin, ta auna ruwa ta aika wa mutane saƙo a waya, kuma in Allah ya yarda zan je in koyo ta in kawo.

Ya fito yana matse wando. Ya ce, "To, Malamin boko. Gani dai ya wuce ni. Ka kawo ta tun ina iya shafawa."

Wannan shi ne duk abin da ya roƙe ni a rayuwarsa.

Zango na farko wani birni ne a kudancin Indiya. Takardar da wakilin makarantar ya nuna mini a Kano tana ɗauke da hoton wani dogon gini mai ruwa yana tsiri a ƙofarsa. Da direban keke mai ƙafa uku ya sauke ni a adireshin, sai na ga shagon sayar da kayan babur, da wata matattakala a gefe mai warin fitsarin mage. Makarantar ɗaki biyu ce a sama. Daga baya na gano ginin da ke cikin hoton otal ne, kuma a wata jiha ma yake. Mu goma sha ɗaya ne ɗalibai. Malamin da sunansa ke kan takarda, mai digiri uku, sau biyu na gan shi: ran da muka zo, da ran da ya zo ɗaukar wata fanka.

Gidaje huɗu na nema aka ce an riga an bayar, alhali allon haya na rataye. Na biyar ya ba ni ɗakin da ke kan rufi, da sharaɗin ba nama ba kifi. Ka dubi ɗan Haɗejiya, wanda aka yaye da romon tarwaɗa, an hana shi kifi. Wata huɗu ina mafarkin kasuwar kifi da ƙaurinta, in farka in ci shinkafa da wani ruwan tsamiya. Yara na bina a layi suna kiran sunayen 'yan ƙwallon da ban sani ba. Ni da nake shiga aji ɗalibai sittin su miƙe, na koma wanda ake nunawa da leɓe.

Abin da ya hana ni tattara kayana shi ne wani tsoho, Mista Raman. Ba malami ba ne a takarda. Shi ke gyara kayan gwajin makarantar. Ya yi ritaya daga aikin siginar jirgin ƙasa, yana da tabarau da aka ɗaure da zare. Da ya ga babu mai koya mana, sai ya jawo kujera ya fara, ba wanda ya sa shi. Kullum da rana yakan buɗe kwanon abincinsa mai hawa uku ya tura mini hawa ɗaya ba tare da ya kalle ni ba, kamar mai tura takarda.

A wurinsa na koyi abin da labarin nan ke kai. Irin waɗannan ƙananan na'urori, ƙwaƙwalwarsu ba ta kai farce ba, kuma a cikinta akwai wani shiri da ake kira kanel, wanda shi ne maigida: shi ke raba wa ayyuka lokaci. Yana cikin aiki sai wani abu ya faru daga waje, ruwa ya motsa ko saƙo ya shigo. Dole ya ajiye abin da yake yi, ya rubuta inda ya tsaya, ya fita ya amsa. Su suna ce wa wannan intarof. Akwai kuma ɗan wurin da aka keɓe a ƙwaƙwalwar don ajiye kayan mai zuwan har a sallame shi, suna ce masa sitak.

Na ce, "Wato sallama ce, da zaure."

Ya ce in yi bayani. Na ce a garinmu kana cikin cin tuwo a yi sallama, ka rufe kwano ka fita zaure. Kuna cikin gaisawa da wannan sai ga wanda ya girme shi, ka ce wa na farko ya ɗan jira. Kayansa na nan a zaure, na biyun ya ɗora nasa a kai. Sai ga liman.

Tsohon ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "Shekara talatin ina neman wannan misalin, Mista Sani. To ga sauran: girman zauren nan kai za ka rubuta shi da hannunka a takardar saiti, tun kafin a gina shirin. Bayan nan ba ya ƙaruwa. Kuma ba ƙofa tsakaninsa da cikin gida. In kaya suka yi yawa, sai su zube a kan duk abin da ke maƙwabtaka da shi, su goge shi. Na'urar ba za ta yi kuka ba. Za ta ci gaba da aiki da hankalin da ba nata ba."

Ya nuna mini yadda ake aunawa. Kafin na'ura ta fara aiki sai a cika zauren kaf da wata lamba guda, kamar an shafe bango da farar ƙasa. Bayan ta yi kwanaki tana aiki sai a duba har ina farar ƙasar ta goge. Nan ne iyakar inda kaya suka taɓa kaiwa. Na yi dariya, na ce ai wannan a bangon masallacinmu yake. Kowace ambaliya da layinta. Na faɗa masa cewa in za a yi sabon gini, Baba yakan dafa layin da ya fi tsawo ya ce a ƙara kamu ɗaya a kai, don layin ruwan da ya riga ya zo ne kawai.

Mista Raman ya ce, "Mahaifinka injiniya ne. Ka gaya masa wani tsoho ya ce haka."

Na gaya masa a waya. Baba ya ce, "Ka ce ina gaishe shi. Yana da shanu?"

Zango na biyu Holan ne, bayan shekara guda da 'yan watanni. Wani ƙaramin kamfani mai mutum tara, a wani gari da ban taɓa iya furta sunansa ba tare da mutane sun ce in maimaita ba, ya sami kwangilar kafa ma'aunan ruwa a wasu kogunan Afirka ta Yamma. Da na ga Haɗejiya a jerin, sai da na tashi na yi alwala. Na nema, suka ɗauke ni da saurin da ya kamata ya ba ni tsoro.

A makon farko shugaban injiniyoyi, Mista Hendirik, dogo ne kamar giginya, ya tambaye ni ko na zo da hular garinmu. Na ɗauka sha'awa ce. Aka ɗauke ni hoto da ita riƙe da na'ura. Bayan wata biyu na tsinci hoton a shafi na uku na takardar da suka miƙa wa masu ba da kwangilar, an rubuta a ƙasa cewa ƙwararren ɗan yankin ne ke jagorantar aikin. A lokacin aikina shi ne gwada wayoyin lantarki ɗaya bayan ɗaya in manna musu koren tambari. Na jagoranci wayoyi da yawa.

Ƙasa ce da ruwa ya yi karatun boko. Kogin da ya ratsa garin yana da bango dama da hagu, yana tashi ran da aka ce ya tashi. Mutanen ma haka. Ba a sallama. In kana son ziyartar maƙwabcinka sai ku buɗe kalanda. Gaisuwarsu kalma ɗaya ce, kuma kafin ka amsa mai ita ya yi nisa a kan keke. Watannin farko nakan tambayi abokan aiki yaya gida, yaya yara, yaya sanyi, su tsaya suna kallona kamar ɗan sanda ya tare su. Sannu a hankali na daina. A ɗakin gwaji doka ce waya na cikin aljihun tebur. In ta kama dole, ka fita baranda minti biyu. Na zama gwani a minti biyu. Har alfahari nake yi.

Mai kirana daga gida ƙanena ne Salisu, wanda ya tsaya a gona. Shi kuwa gaisuwarsa irin ta gida ce, hawa-hawa. Ina wuni, ina gajiya, yaya aiki, yaya baƙunta, yaya mutanen wurin, yaya sanyi. Sannan ni in mayar, in tambayi gida da yara da shanu da ruwa. Duk wanda ya tashi a garinmu ya san cewa ainihin magana ba ta zuwa sai an sauke wannan duka, an ɗan yi shiru, sannan a ce, "To, sai dai..." Na san haka tun ina goye. Amma na fara yanke shi a hawa na uku.

A shekara ta biyu, saura 'yan makonni a rufe shirin a tura na'urorin kafin damina, aka ba ni in duba takardar saiti don kurakuran rubutu. Nan na ga layin. Zauren sallama: bayit ɗari biyar da sha biyu. Bayit kuwa shi ne mudun da ake auna ƙwaƙwalwar na'ura da shi.

Na'urar tana da masu sallama huɗu: agogonta, da ɗan cokalin da ke ƙirga ruwan sama, da ma'aunin tsayin kogi, da rediyon da ke aika saƙo. Na ɗauki fensir, irin na malamin aji, na lissafa kayan kowanne. Ɗaya-ɗaya ba komai. Amma in huɗun suka haɗu, kowa ya shigo a kan na gabansa, jimla ɗari biyar da sittin. Arba'in da takwas sun zube cikin gida. Na duba abin da ke bayan bangon zauren: jerin lambobin wayar da za a aika wa gargaɗi ne. Na'urar za ta ga ruwa ya ci tsaga bakwai, ta rubuta saƙo tsaf, ta aika wa lambar da babu ita a duniya. A na'urar ƙauyenmu, lamba ta farko a jerin ta Salisu ce.

Na kai wa Mista Hendirik takardar. Ya karanta a tsaye, yana cin burodi da cuku.

Ya ce, "Lissafi mai kyau. Amma mun auna. Wata shida tana kan kogin nan namu, ba ta taɓa wuce ɗari uku da arba'in ba."

Na ce, "Koginku ba ya tara baƙi. Namu in ya zo, da hadari yake zuwa, da iska, da yankewar sabis, duk a sa'a ɗaya."

"Ka san abin da kake nema? Duk bayit ɗin da na ba zaurenka, daga rumbun ajiyar awo zan cire. In sabis ya yanke kwana biyu, awon da za mu rasa ke nan."

Gaskiya ya faɗa, kuma abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Na kawo masa maganar Baba ta ƙarin kamu ɗaya. Ya yi murmushin da ake yi wa yaro in ya kawo zanen doki.

Ya ce, "Sani, ba na saka tatsuniya a takardar saiti. Ka nuna mini ta zube a kan tebur ɗin nan kafin ƙarshen wata, in ninka maka. In ba haka ba, tana nan."

Hutuna na farko a shekara uku zai fara ne bayan kwana shida. Tikiti na hannuna, na sayi turare da tabarau mai ƙara girman rubutu, wanda na san ba zai yi wa Baba amfani ba. Na ɗage tafiyar da mako uku. Na ce wa kaina ai don shi nake yi: ba zan miƙa masa na'urar da za ta yi shiru ran da ake bukatarta ba.

Haɗa baƙi huɗu a ƙofa ɗaya cikin ƙiftawar ido ba wasa ba ne. Mai kula da kayan ɗakin gwajin wata dattijuwa ce, Marike, wadda a wata goma sha takwas ba ta ce mini fiye da kalma ɗari ba. A rana ta uku ta zo ta ajiye mini wani tsohon injin bugun sigina daga kabad ɗinta, da kwanon miyar wake mai kauri.

Ta ce, "Babu alade a ciki. Na duba sau biyu." Ta koma wurinta.

A makon farko Salisu ya kira da la'asar. Na fita baranda.

"Salamu alaikum, Yaya. Ina wuni?"

"Lafiya lau, Salisu. Yaya gida?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Kowa lafiya? Baba fa?"

"Yana nan, yana gaishe ka. Yaya aiki, Yaya?"

"Aiki ne ma ya riƙe ni yanzu haka. Ka ji an ɗage tafiyar ko? Zan kira ka ran Juma'a."

"To... to, Yaya. Allah ya taimaka."

Ban kira ran Juma'a ba. A mako na biyu ya sake kira, muka yi kusan irin wannan. Na tuna ya kai har "yaya mutanen wurin", na ce masa, cikin raha wai, "Kai Salisu, gaisuwar nan taka sai ta cinye katinka." Ya yi 'yar dariya ya ce, "Haka ne, Yaya." Na ji kukan akuya a bayansa, da muryoyin mata da yawa, na ce a raina ko suna ake yi a maƙwabta. Kira na uku ban ma ɗauka ba. Ina riƙe da wayoyin lantarki biyu a kan na'ura, na ji wayata tana kaɗawa a aljihun tebur har ta gaji.

Ranar Talata ta mako na uku, da hantsi, ta zube. Huɗun suka haɗu, farar ƙasar ta goge har ƙarshe, na buɗe jerin lambobin na tarar da ta farko ta koma shirme. Fitilar na'urar kuwa kore shar, tana ƙiftawa kamar ba abin da ya faru. Na maimaita sau biyar. Marike ta kira Mista Hendirik. Ya duba, ya daɗe, sannan ya jawo kwamfuta ya goge lambar girman zauren ya rubuta dubu ɗaya da ashirin da huɗu. Bai kai daƙiƙa goma ba. Ya miƙa mini hannu ya ce, "Aiki mai kyau." A ƙasarsu wannan kirari ne.

Na fita baranda da gudu in kira gida. Salisu ya ɗauka, ya yi sallama, ya ce ina kwana, ina gajiya. Wannan karon ina da lokaci, sai na bar shi. Muka sauke gaisuwar duka, hawa-hawa, har shanu, har zafin bazara. Aka ɗan yi shiru.

Ya ce, "To, sai dai haƙuri, Yaya. Baba lokaci ya yi. Jiya da azahar. An kai shi da la'asar."

Akwai wata mata a ƙasa tana ɗaure kekenta a jikin ƙarfe. Na tsaya ina kallonta har ta gama, domin ban san me kuma zan kalla ba.

Na iso gida ran addu'ar bakwai. Zaurenmu na mutum goma sha biyu ne in an matsu. Mutane sun cika shi, sun cika ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi har gindin darbejiyar maƙwabta; daga Kaugama, daga Miga, wasu daga Kafin Hausa, duk waɗanda suka taɓa yanke shinkafa da maganarsa. Kowa ya zo sai ya ce, "Malam Sani, an dawo? Ya ƙarin haƙuri? Yana ta ambatonka." Na gane suna faɗar haka ne don su sanyaya mini.

Bayan kwana biyu na sami Salisu shi kaɗai a kan jinga yana gyara bakin fartanya. Na zauna. Ban yi niyyar ɗaga murya ba.

"Kwana nawa ya yi a kwance?"

"Goma sha tara."

"Goma sha tara! Ka kira ni sau uku, Salisu. Me ya hana ka buɗe baki ka ce Baba ba lafiya?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ai ina hanya, Yaya. Kullum ina hanya sai ka ce aiki."

"Sai ka katse ni! Ka ce Yaya tsaya!"

Sai a nan ya dube ni, da mamaki na gaskiya a fuskarsa. "Haba Yaya. Ba a gama gaisawa ba in jefa maka wannan? Kai ne fa babba."

Ya ci gaba da buga fartanyar, sannan ya ce, "Shi ma Baba ya hana. Ya ce in ka tambaya da kyau a gaya maka, in kana sauri a ƙyale ka, kada a katse maka aiki. Da na ce masa an ɗage tafiyar saboda na'urar ba ta gama gyaruwa ba, cewa ya yi, madalla, gara ya ƙara kamu ɗaya."

"Ya ce haka?"

"Ya ce. Ya kuma ce a tambaye ka tsohon nan na Indiya ko ya samu shanun."

Muka yi dariya, mu biyu, irin wadda ba ta da kyau. Daga nan na kifa kai a gwiwa, shi kuma ya bar bugun fartanya har na gama.

Ban koma Holan ba. Na rubuta musu, suka amsa da ladabi, suka ce tunda ina nan sai in kafa musu na yankin. Akwatunan suka iso ana saura kaɗan ruwa ya sauka. Na kafa ta ƙauyenmu a kan ƙarfe, taku huɗu daga turken ƙirya. Kafin in ɗaura ta na riƙe ta a hannu na ɗan lokaci. Santsi gare ta, da ɗan tudu a wurin fitila, da kusoshi huɗu a kusurwa. Cikin minti ɗaya da Baba ya gama shafa ta.

Damina ta bana ta zo da ƙarfi. A watan Satumba aka kwana uku ana ruwa, ga na dam da aka saki daga sama, sabis yana zuwa yana tafiya. Saƙon ya shigo wayar Salisu da safe yana cikin ruwa har ƙirji, hannunsa a kan tsaga ta bakwai, domin shi ya gaji turken kuma bai yarda da wani ƙarfe ba tukuna. Aka yanke shinkafa ɗanya. Jinga ta ɓalle ta wajen yamma, ruwa ya shiga gari ya yi wa bangon masallaci sabon layi, sama da duk na baya da kusan taƙi. Ba a rasa rai ba. Mutane suka zo suna yi mini barka, wani dattijo har ya ce na gaji ubana. Na koma koyarwa, kuma yanzu in ɗalibi ya gaishe ni a baranda nakan tsaya har ya gama, ko da an kaɗa ƙararrawa.

Da ruwa ya janye na ɗauki kwamfuta na bi ta cikin taɓo na je wurin na'urar. Na haɗa waya, na buɗe zauren in ga har ina farar ƙasar ta goge a ambaliyar da ba a taɓa ganin irinta ba a ƙauyenmu.

Ɗari uku da tamanin da takwas. Da an bar shi a ɗari biyar da sha biyu, da ya isa.